TAMBAYI MALAMA: Tafiyar babban hutu da "kiredin jami'a", shin ta ci kuɗinta?

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kusan duk wasiƙun da suka shigo magana ɗaya suke, tunda wata talla ta fara yawo a gurup ɗin iyayen yara na WhatsApp, wai ɗanka zai je yawon ƙasashen waje a babban hutu kuma ya dawo da kiredin jami'a tun bai ci bak ba, wato jarabawar ƙarshen sakandare. Na zaɓi guda biyar, sauran kuyi haƙuri amsarku na cikin ta 'yan uwanku. Kamar kullum bana saka sunan kowa.

Tambaya ta farko, daga wata uwa a Garwa

Salam Malama, dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. 'Yata bana take rubuta probatuwar, jarabawar shiga ajin ƙarshe na sakandare, yarinya ce mai ƙoƙari wallahi tun tana firamare bata taɓa wuce ta uku ba a aji, toh ta nuna min wani shiri a waya wai sati uku za'ayi a ƙasar waje ana karatu ana yawo, in an gama a bata kiredi 4 na jami'a, tace hakan zai rage mata shekarun karatu. Babanta harkar shanu yake yace in dai da gaske ne zai fidda bijimai ya saida, ni kuma zuciyata bata kwanta ba dan ban ma san menene kiredin nan ba, kuɗi ne ko maki ne? Ki fayyace min kamar kina ma yaro bayani.

Amsa

Wa'alaikissalam Hajiya, Allah ya raya miki ita ya sa albarka. Kafin komai ki ce ma Alhaji ya bar bijiman nan su ci gaba da kiwonsu tukuna.

Kiredi ba kuɗi bane ba kuma maki bane, mudu ne da jami'a take auna yawan karatun da ɗalibi yayi. Kowane darasi yana da nasa adadin, in ka ci jarabawarsa a zuba maka a buhu, ranar da buhu ya cika a baka digiri. A tsarin LMD, wato lisans da masta da dokta, da jami'o'inmu na Ngaundare da Marwa da Garwa da Njamena suke bi, zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, lisans wato digirin farko kuma 180 cif. A Amurka nasu mudun daban ne, digirin farko shekara 4 ne kuma wajen kiredi 120 ake nema, darasi ɗaya yawanci 3 ko 4. Toh kinga wannan 4 ɗin da aka ce za'a ba 'yarki darasi ɗaya ne tak, 4 cikin 120. Babu wata shekara da zai rage, ko wata ɗaya bazai rage ba, iyaka dai a wani zango ta samu sassaucin darasi guda, shima sai in an karɓa.

Wannan "in an karɓa" ɗin shine gundarin maganar kuma shine masu talla basa son a tsaya a kai. Ki ɗauki misalin sefa. Sefar da ake kashewa a Nijar da tamu ta nan darajarsu ɗaya ce, dukkansu 655.957 ne suke yin yuro ɗaya, amma ki ɗauki jaka goma ta Maraɗi ki shiga babbar kasuwar Garwa ki miƙa ma mai atamfa ki gani, juya ta zaiyi ya kalli bayanta ya miƙo miki abarki, sai kin nemi ɗan canji, shima sai yaga dama kuma sai ya ci nasa. Haka kiredi yake. Wanda ya bayar bashi da iko akan wanda zai karɓa. Jami'ar da yarinya zata shiga nan gaba ita kaɗai ce zata ce na yarda ko ban yarda ba, wata ta karɓa duka, wata ta karɓa amma ta saka shi a darussan ganin dama waɗanda basa cikin ainihin fannin da yaro yake karanta, wasu manyan jami'o'in Amurka ma sam basa lissafa abinda aka yi kafin a shiga aji ɗaya.

Sannan ki sani kamfanin tafiya ba jami'a bane, bashi da hurumin bada kiredi da kansa. Masu gaskiya a cikinsu sukan ƙulla yarjejeniya da wata jami'a wadda ita zata saka hannu ta fidda rilebe, takardar maki kenan, da sunanta da tambarinta. Misali ƙungiyar CIEE ta Amurka mai kai yaran sakandare koyon harshe a ƙasashe, ta hannun jami'ar Tulane dake New Orleans kiredinta yake fitowa. Akwai kuma jami'o'in da suke yin nasu shirin a harabarsu, su ma sai an lura, Harvard tana da iri biyu, akwai na sati 2 wanda babu kiredi ko ɗaya a ciki, akwai na sati 4 ko 7 wanda shine mai kiredi. Suna ɗaya, hoto ɗaya a talla, amma takardar da yaro zai dawo da ita ba ɗaya bace.

Zaki ce toh me yasa turawan suke rububinsa. Dan su lissafinsu ya fita ne. A can kuɗin jami'a tsada gareshi kamar me, wurare da yawa ma akan kowane kiredi ake biya, iyali su ci bashi su shekara da shekaru suna biya, dan haka darasi ɗaya da aka rage kuɗi ne aka rage. Mu kuma nan Kamaru kuɗin rajistar jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, jaka hamsin, ko ka ɗauki darasi goma ko tara kuɗin bai canzawa. Shirin Harvard ɗin nan na sati 7 in yaro zai kwana a makaranta ya haura dala 10,000, dalar Amurka fa nake nufi ba dalarmu ta kasuwa mai faran biyar ba, a sefa ya wuce miliyan 5 tun ba'a saka tikitin jirgi ba. Ki raba miliyan 5 da jaka hamsin, rajistar shekara 100 kenan a Dang, harabar jami'ar Ngaundare. Ni dai da na buga lissafin nan a waya sai da na sake bugawa.

Kuma in burin yarinyar likitanci ne a nan Garwa ko makarantar malamai ta Marwa ko injiniyanci a Ngaundare, ai kin san ƙofar konkur ce, jarabawar gasar shiga, ranar konkur kuwa bak ɗinki da abinda kika rubuta a takarda ake dubawa, babu mai tambayar ina kika yi hutu.

Bari in baki labarin da na gani da idona. Shekarun baya wani maƙwabcinmu ya sallama min bayan la'asar riƙe da wani abu a nannaɗe cikin sallaya, ya warware a hankali sai ga satifiket an saka shi a gilashi, ga tambarin ruwan zinari ga jan kirtani, wallahi ko takardar sarauta albarka. Ɗansa ne yaje irin wannan tafiyar, uban babura biyu da yake bayarwa haya ya saida. Yace Malama karanta min, an ce min da wannan aji biyu zai fara a jami'a. Na karanta sama na karanta ƙasa, na ce a ciro ta daga gilashin na duba bayanta, abinda aka rubuta kawai shine wane ya halarci shiri kaza daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Babu sunan darasi, babu maki, babu adadin kiredi, babu sunan wata jami'a. Atestasiyon ce ta halarta irin wadda ake rabawa a ƙarshen taron bita. Bawan Allahn nan shiru yayi yana shafa gilashin da hannun riga, can yace toh shikenan, ya maida ta cikin sallayar. Yaron kam ya ƙaru ba ƙarya, ya tafi ko gaisuwa da turanci baya iya haɗawa ya dawo bakinsa ya buɗe, tsoron mutane ya fita daga ransa, amma ba wannan aka saida ma uban ba.

Dan haka Hajiya ni ban ce tafiya bata da amfani ba, ai tun kaka da kakanni aka ce tafiya mabuɗin ilimi. In kuna da hali kuma kun san yawo da buɗewar ido da harshe kuke saya, Allah ya kai lafiya. Amma in dan kiredi ne za'a taɓa garke, ku fara zama da yarinyar ku tambayeta ina take son yin jami'a, in tace nan gida ko Faransa maganar ta kusa ƙarewa. In tace Amurka, ku rubuta ma masu shirin ku ce wace jami'a ce zata fidda rilebe, menene sunan darasin da lambarsa, kiredi nawa ne, kuma kuɗin kiredin yana cikin farashin ko daban ake biya dan sau da yawa daban ne. Mai gaskiya a layi biyu zai amsa miki. Wanda ya fara kewaye-kewaye yana turo miki hotunan yara suna dariya a bakin teku, kin samu amsarki.

Wani abu kuma da na kusa mantawa, lokacin. Abinda 'yan jarida suke fassarawa da hutun bazara a can daga Yuni zuwa Agusta ne, mu nan tsakiyar damina kenan, bazararmu ta Maris da Afrilu da take gasa Garwa ta riga ta wuce. Shirye-shiryen da yawa a cikin Yuni suke farawa, lokacin da yaranmu ko dai suna ɗakin jarabawa ko suna zaman jiran sakamako, kuma tun wajen Janairu zuwa Afrilu ake rufe karɓar dosiye, takardun nema kenan. Yarinya mai probatuwar a gabanta kada a raba mata hankali biyu, in ta faɗi probatuwar babu tarminal, ajin ƙarshe, wannan kam shekara ce sukutum zata tafi.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibi a Marwa

Malama barka da aiki. Ni ina sekond C, burina in yi karatun kwamfuta a Amurka amma gaskiya gidanmu babu hali, babana tela ne. Abokaina suna cewa in baka taɓa zuwa irin wannan shirin na hutu ba jami'o'in can bazasu kalli dosiyenka ba. Da gaske ne? kuma akwai na kyauta?

Amsa

Ɗana abokanka sun faɗi son ransu ne. Masu tantance dosiye a can sun fi kowa sanin cewa shirin da ake biya da miliyoyi aljihun uba yake nunawa, kuma su kansu shirye-shiryen suna rubutawa ƙarara cewa halartarsu bata ba kowa tabbacin samun gurbi a jami'ar. Abinda zasu duba a wajenka makinka ne na lise daga sekond har tarminal, da sakamakon probatuwar da bak, da turancinka, da abinda malamanka suka rubuta a kanka, da kuma me kake yi da hannunka in an tashi makaranta. Yaron da ya koyi rubuta manhaja a tsohuwar waya ya haɗa ma babansa tela ɗan abin rubuta awon kwastomomi da ranar karɓar ɗinki, wallahi labarinsa yafi na wanda aka biya ma jirgi armashi.

Na kyauta kuma akwai, sai dai gasa ce mai zafi kuma yawancinsu babu kiredi, kada hakan ya dameka. Akwai Yale Young African Scholars, na yaran sakandare ne na Afirka, ba'a biyan kuɗin karatu, an sha yinsa a ƙasashe irin su Ghana da Ruwanda kuma ana yin wani ta intanet, aikinsu su koya maka yadda ake neman jami'a da neman burs wato tallafin karatu. Akwai babban wansa Yale Young Global Scholars na sati 2 a can Amurka, wannan na kuɗi ne amma suna bada tallafi ga wanda ya nuna babu hali. Gwamnatin Amurka ma ta daɗe tana da shirin Kennedy-Lugar YES wanda yaro yake shekarar karatu guda a gidan wasu iyali a can, Kamaru na cikin ƙasashen da aka riƙa ɗauka, da wani na sati uku mai suna Pan-Africa Youth Leadership Program. Irin waɗannan na gwamnati kasafin kuɗi ne yake juya su, dan haka duk shekara a shafin ambasad ɗinsu na Yawunde zaka duba ko an buɗe, a nan ne kuma ofishin EducationUSA yake, shawara kyauta suke bayarwa. Duk wanda yace ka bashi kuɗi ya saka sunanka a ɗayan waɗannan ɓarawo ne, ka faɗa masa inji ni.

Kuma bari in tsorata ka kaɗan game da mai kiredin. Darasin jami'a ne na gaske aka matse shi cikin 'yan makonni, karatun da ake yi a wata huɗu, kullum ga tulin shafuka da turanci ga rubutu ga jarabawa, kuma makin da ka samu yana zama a rilebe ɗinka, gobe in kana neman jami'a a can za'a ce ka kawo duk takardun karatun da ka taɓa yi har da wannan. Yaron da ya taso da faransanci yana ganin 15 bisa 20 a turancin lise ya ɗauka ya iya, sai ya zauna gaban malami mai magana ta hanci kamar ana koro shi sannan ido ya raina fata. Kaga an biya kuɗi an sayo tabo.

Ni da zaka ji tawa, hutun bana ka zuba shi a turanci. Akwai cibiyar koyar da harsuna ta gwamnati a Garwa in kana da dangin da zaka sauka wajensu, in babu, rediyo da waya da abokin hira ɗaya mai karatu a tsarin turanci na GCE sun isa ka fara, dan ko ba daɗe sai ka zauna jarabawar turanci irin TOEFL ko IELTS ko jarabawar Duolingo. Sannan ka dage ka ci bak da mansiyon mai kyau, akwai jami'o'in Amurka da suke ba mai sakamako mai ƙarfi a jarabawar ƙarshen sakandare irin A Level kiredi tun daga shiga, kaga wannan kiredin a kujerarka ta lise ake nemansa ba sai an hau jirgi ba. Kada kuma ka manta da maƙwabta, American University of Nigeria tana nan Yola bakin Binuwai da tsarin kiredin Amurka take aiki, sannan a Najeriya akwai jarabawar IJMB ta jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda in mutum ya ci yake shiga aji biyu kai tsaye. Allah ya buɗa ma babanka, ka gaishe shi.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kasuwa a Njamena

Malama ina gaisuwa. Wani mutum ne aka haɗa ni dashi yace yana kai yara Amurka karatun hutu, yace biza a hannunsa take kamar ya riga ya karɓo, in tura masa rabin kuɗi ta waya kafin ƙarshen wata dan gurbi biyu suka rage. Yarona yana ta matsa min. Ya kika gani?

Amsa

Alhaji na gani sarai, kada ka tura ko sisi. Babu wani mahaluki da biza take hannunsa, jami'in ambasad ne kaɗai yake yanke hukunci bayan yaga yaro ido da ido. Balle kai da kake Chadi, in fasfon yaron na Chadi ne ai ka tuna a watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta saka Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, har Njamena ta rama da dakatar da ba Amurkawa biza. Irin wannan dokar tana iya canzawa, amma ambasad ne zai faɗa maka inda aka kwana ba mutumin da ka sani ta waya ba, ka taka ƙafarka ka tambaya ko ka duba shafinsu.

Yadda abin yake a ƙa'ida, in karatu ne mai kiredi na cikakken lokaci makarantar ce take turo takarda mai suna I-20, da ita ake biyan kuɗin SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi, dala 350, a biya na neman biza dala 185, sannan a je hira, kuma in an hana waɗannan kuɗin sun tafi kenan. Kuɗin makaranta kuma asusun makarantar ake biya ta banki da rasit, ba lambar Airtel Money ta wani ba. Ka ce masa ya baka sunan jami'ar, ka saka yaron naka ya nemo adireshinta da kansa ya rubuta musu ya tambaya ko sun san wannan mutumin. Ka kuma nemi a nuna maka a rubuce nawa ake maidowa in biza bata fito ba, dan ko a shirye-shiryen gaskiya akwai kuɗin ajiya da basa dawowa. Maganar gurbi biyu suka rage kuwa, kai ɗan kasuwa ne Alhaji, sau nawa ka ce ma mai ciniki wannan ne na ƙarshe a shago alhali sito cike yake?

'Yan uwanmu na Kusiri da sauran Kamaru ku ma ku saka a lissafi, fasfo kaɗai sefa 110,000 ne, ga katin rigakafin shawara, ga takardar izinin iyaye tunda yaro bai kai 18 ba, ga zuwa Yawunde hira, mota har Ngaundare sannan jirgin ƙasa ya kwana daku a hanya, ga masauki in baka da kowa a unguwar Hausawa ta Brikiteri. Masu talla farashin shiri kawai suke rubutawa.

Tambaya ta huɗu, daga wata goggo a Ngaundare

Malama ni ba maganar kuɗi ce ta dameni ba, 'yar ƙanina ce aka ɗauka wani shiri a Faransa an biya mata komai, marainiya ce a hannuna ta tashi. Tsorona sallarta da abincinta da hijabinta, kuma wai gidan wasu mutane zata zauna.

Amsa

Goggo Allah ya saka miki da alheri da riƙon marainiya. Hukuncin tafiyar mace ba muharrami wannan na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ni ɓangaren shiri zan taɓa. Ki saka a rubuta musu tun yanzu cewa bata cin naman alade bata shan giya, kuma gidan da zata sauka ya zama akwai mace a ciki kuma babu ɗaki ɗaya da namiji, shirye-shiryen kirki suna da fom na wannan kuma basa jin haushin tambaya. Ki karɓi lambar babban da yake kula dasu dare da rana, ki tabbatar akwai inshorar lafiya. Batun hijabi ki tambaya a wane irin gini za'ayi karatun, dan a Faransa tun 2004 doka ta hana ɗalibai saka shi a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, amma dokar bata shafi ɗaliban jami'a ba. Sallah kuma ki gaya mata kada ta rikice, a Paris ƙarshen Yuni rana bata faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, tana iya ganin gari fayau ta ɗauka la'asar ce alhali ku nan kun yi isha kun kwanta, ta saka manhajar lokutan sallah a waya. Ki ƙulla mata ɗan yaji da kuka a jaka, kilishi kam kada ki saka, ba'a barin nama ya shiga Turai a kayan matafiyi, a filin jirgi zasu karɓe.

Tambaya ta biyar, daga wata ɗaliba a Kusiri

Anti ni na riga naje bara, an ce mana akwai kiredi 3 amma satifiket kawai aka bamu. Yanzu ya zanyi?

Amsa

'Yata ki koma cikin imel ɗinki ki nemo sunan jami'ar da aka ce ita ce mai bada kiredin, in akwai, ofishin rajistarta zaki rubuta ma ki ce kina son rilebe ɗinki, yawanci akwai ɗan kuɗin da ake biya kuma su da kansu suke aikawa kai tsaye zuwa jami'ar da kike nema, wanda ya biyo ta hannunki a buɗe ba kowa ke karɓa ba. Ki duba kuma ko a lokacin kin cike fom ɗin rajistar kiredin, dan akwai shirin da sai ka nema daban kafin a fara, in lokacin ya wuce ya wuce. Takardar tsarin darasin nan da aka raba muku ranar farko mai jerin abinda za'a karanta kowane mako, ki nemo ta ko a wace jaka take, da ayyukan da kika rubuta aka saka miki maki, ki ɗauke su hoto ki ajiye a wuri biyu, su jami'ar zata nema in tana son gwada darasin da nata. In kin duba ko'ina babu sunan wata jami'a, ki turo min hoton satifiket ɗin gaba da baya in gani, ki rufe sunanki da yatsa.